Yadda Jama'ar Mazaɓa Za Su Bi Kadin Haƙƙinsu a Kan Asibiti, Gona da Haraji

A kusan kowane gari na karkara a arewacin Nijeriya, idan aka zauna a majalisa bayan sallar la'asar, ba a daɗewa zance zai zo kan ɗaya daga cikin abubuwa uku: asibitin da babu magani ko ma'aikacin kwana, gonakin da aka ga safiyo yana aunawa ba tare da an gaya wa kowa dalili ba, da masu karɓar haraji iri-iri da suke zagaya kasuwa a mako guda. Ana yin maganar da zafi, kuma sau da yawa masu yin ta suna da gaskiya, amma idan aka watse sai ta bi iska, domin ofishin gwamnati yana aiki ne da abin da ya shiga fayil aka buga masa hatimi da kwanan wata. Wannan bayani na mutanen da suka gaji da kokawa a baka ne, suke son sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa da takardar da za su riƙe a hannu idan sun je.

Abu na farko shi ne a samu mutane kaɗan, kamar biyar zuwa bakwai, waɗanda gari ya yarda da amanarsu, kuma ba a san su da yi wa wani ɗan takara aiki ba, domin da zarar an shafa wa koke launin jam'iyya, jami'in da ake tuhuma ya samu mafita. Lallai a sa mace a cikinsu, ko da guda ce, saboda mata ne suke zuwa awo da haihuwa da allurar rigakafin yara, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sa manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, sannan a samu wanda ya iya rubuta wasiƙa da Turanci, tun da da shi ofisoshi suke aiki, ya kuma riƙa karanta wa jama'a ma'anarta da Hausa kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a riƙa rubuta duk abin da ya faru a ciki: ranar, wurin, wanda aka gani, abin da ya ce. A sanar da mai unguwa da dagaci tun da farko cikin girmamawa, ko da ba za su shiga gaba ba, don kada su ji labarin a bakin wani.

Sanin ƙofa da neman bayani

Mafi yawan takardun koke suna mutuwa ne saboda an kai su inda ba nan ne hurumin ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi, waɗanda suke guda 774 a ƙasar, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, ya kuma ba su hannu a samar da ayyukan lafiya da bunƙasa noma. Manyan asibitoci da takardar mallaka ta gwamna da harajin kuɗin shigar mutum ɗaya suna hannun jiha, harajin kamfanoni kuwa na tarayya ne. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, saboda haka jama'a suna da hujjar tambayar ciyaman abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma idan ya ce kuɗin ba su iso hannunsa ba, a roƙe shi ya faɗi hakan a rubuce.

Makamin tambayar shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. A ƙarƙashinta kowane mutum yana iya neman takardun da suke hannun hukuma ba tare da ya bayyana dalilinsa ba, kuma hukumar tana da kwana 7 ta ba da amsa, sai dai tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani ya rubuta masa. Ba a cajin komai sai kuɗin kwafi. Idan aka hana, ko aka yi shiru har wa'adi ya wuce, mai nema yana da kwana 30 ya garzaya babbar kotu, kuma dokar ta tanadi tarar naira 500,000 ga jami'i ko hukumar da aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce kawai, amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta tabbatar da cewa ta shafi jihohi ma.

Wasiƙar ta zama gajera, ta tambayi abu ɗaya takamaimai. Wanda ya rubuta cewa a bayyana masa yadda ake kashe kuɗin lafiya a ƙaramar hukuma, zai samu amsa mai faɗi wadda babu komai a cikinta, amma wanda ya nemi kwafin bayanin kuɗin da suka shiga asusun asibitin mazaɓa kaza daga watan Janairu zuwa Disamba na shekara kaza, da jerin abin da aka saya da su, ya toshe hanyar kewaye-kewaye. A yi kwafi biyu, a kai rajistar ofishin, a tsaya har akawu ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida. Wannan kwafi mai hatimi shi ne abin da lauya ko ɗan jarida ko hukumar karɓar koke za su fara tambaya, kuma daga kwanan watan da ke kansa ake fara ƙirga kwana 7.

Asibitin mazaɓa

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun samar da kulawar lafiya ta matakin farko, wanda ma'aikata suke kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. An fara sa shi a kasafin kuɗi a 2018. Yadda dokar ta raba shi tun asali shi ne kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 20 ga magunguna da allurai da kayan aiki na yau da kullum, kashi 15 ga gyaran gine-gine da na'urori da sufuri, kashi 10 ga ma'aikata, kashi 5 ga taimakon gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, wanda wani ɓangare na kuɗin yake shiga asusunsa na banki kai tsaye. A Jihar Kano kaɗai mazaɓu 484 ne, a Kaduna 255, a Jigawa 287, don haka tambayar farko ita ce wane asibiti ne aka zaɓa a mazaɓarku, kuma amsar tana hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha da sashen lafiya na sakateriya.

Idan an san asibitin, sai a nemi Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa, wanda tsarin ya tanada domin ya wakilci jama'a wajen tsara abin da za a yi da kuɗin da kuma sa ido a kan kashe su. A wurare da yawa kwamitin yana nan a takarda, amma mutanen gari ba su san sunan ko mutum ɗaya daga cikinsa ba. A nemi jerin sunayensu da ranakun da suka yi taro da rubutaccen bayanin taron, kuma idan ya bayyana cewa ba sa zama, a rubuta wa sashen lafiya a nemi a sabunta kwamitin a gaban jama'a.

Ziyarar asibitin kanta tana buƙatar ladabi. Jami'in da ke riƙe da asibitin ƙauye sau da yawa shi ma a matse yake, yana aikin mutum uku, kuma idan aka zo masa da fuskar tuhuma zai rufe duk wata ƙofa, alhali shi ne ya fi kowa sanin inda kuɗi suke maƙalewa. A je a lokuta daban-daban, da safe da dare da ranar kasuwa, a rubuta ma'aikata nawa aka tarar idan aka kwatanta da sunayen da ke jadawalin aiki, ko akwai ruwa da wuta a ɗakin haihuwa, ko firjin allurai yana aiki, da magungunan da suka ƙare da tun yaushe. A tambayi matan da suka zo awo nawa suka biya da ko an ba su rasit, amma kada a ɗauki hoton majiyyaci ko a rubuta sunansa da ciwonsa, domin wannan sirri ne da doka ta kare. A kuma nemi sanin mutum nawa aka yi wa rajistar inshorar marasa galihu a mazaɓar, ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, da yadda aka zaɓe su, domin a nan ne ake yawan sa 'yan'uwa da 'yan siyasa a bar zawarawa da marayu. Bayan wata uku ana wannan rubutu, abin da ke cikin littafin ya fi ƙarfin a musanta shi.

Akwai wani sashe da ya kamata kowane magidanci ya haddace. Sashe na 20 na dokar ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma hukuncin saɓawa shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ko wanda ya yi haɗarin mota, ba a jinkirta su a bakin ƙofa don jiran kuɗi.

Gona, burtali da diyya

A nan ne asara ta fi girma, domin magani idan ya ƙare ana iya kawo wani, gona kuwa idan ta tafi da wuya ta dawo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, ta bar masa kula da filayen birni, ta bar wa ƙaramar hukuma kula da na karkara. Manomin da iyalinsa suke noma gonarsu tun kafin 1978, sashe na 36 ya ɗauke shi tamkar wanda aka ba shi izinin mallaka na gargajiya, ko da bai riƙe takarda ba. Sai dai gwamna yana da ikon ayyana wani yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati, saboda haka ƙauyukan da ke gefen manyan garuruwa su bincika ko an riga an shigar da su cikin da'irar birni ba su sani ba, domin idan haka ne hurumin ya tashi daga sakateriya ya koma ma'aikatar ƙasa ta jiha ko hukumar taswirar filaye, kamar KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna.

Aikin da ya fi amfani shi ne wanda aka yi tun kafin safiyo ya zo. Kowane gida ya rubuta gonakinsa, da maƙwabtan iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, da yadda gonar ta zo hannu, ko gado ko saye ko kyauta, a gaban dagaci da shaidu. Gonar aro da ta jingina su ma a rubuta su da sunansu, domin ranar diyya rigima takan tashi tsakanin mai gona da mai noma ta. A ƙirga itatuwan amfani, ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da mangwaro, da rijiyoyi da shinge da rumbuna, a ɗauki hotonsu da waya. Wanda yake da hali ya nemi takardar mallaka ta gargajiya daga ƙaramar hukuma. Filayen da suke na kowa da kowa, wato makiyaya da burtali da mashaya da maƙabarta da filin idi, su ma a rubuta iyakokinsu tare da arɗo da dagaci, kuma a tambayi ma'aikatar da ke kula da dabbobi ko makiyayar yankin tana cikin waɗanda aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar keɓe wuraren kiwo ta Arewa ta 1965. Rigingimun manoma da makiyaya da yawa sun samo asali ne daga ranar da wani mai iko ya yanka burtali ya sayar, kowa ya yi shiru.

Idan gwamnati ta zo karɓar fili, sashe na 28 ya ce sai don muhimmiyar bukatar jama'a, kuma sai an ba mai filin sanarwa a rubuce mai ɗauke da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta. Shelar da aka yi a masallaci ko saƙon baka ta hannun hakimi ba su cika wannan sharaɗi ba, don haka a nemi takardar, a duba dalilin da aka rubuta a ciki, a ajiye ta, domin idan aka karɓi fili da sunan makaranta daga baya aka yanka shi filotai aka raba wa 'yan kasuwa, wannan takarda ce hujja a kotu. Ƙaramar hukuma kuma ba ta da ikon ba wa mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai da amincewar gwamna.

Dole a faɗa wa jama'a gaskiya cewa diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka raya a kan ƙasa ce, wato gini da shuka da itatuwa da kayan ban-ruwa, kuma jami'in gwamnati ne yake ƙayyade farashin amfanin gona. A ganina wannan tsari yana cutar da talaka, amma tun da shi ne a ƙasa, ranar ƙidaya ita ce ranar da ba a fashi. Mai gona ya tsaya da kansa, ya ƙirga tare da masu ƙidaya, ya nemi kwafin abin da aka rubuta masa, kada ya dangwala a takardar da ba a cike ba. Jama'a suna iya haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararren mai kimanta kadara ya wakilce su, amma a rubuta kasonsa tun farko. Akwai tanadin da mutane kaɗan suka sani: sashe na 6 ya ce idan aka soke izinin gargajiya a kan filin noma, ƙaramar hukuma ta ba manomin wani filin da zai noma, kuma idan ta yi jinkirin biyan diyya gwamna yana iya umartarta ta biya. Idan filin na al'umma ne, doka ta yarda a biya ta hannun shugaban al'ummar ko a zuba a wani asusu, don haka a nemi a karanta adadin kuɗin a bainar jama'a. Saɓani a kan yawan diyya ana kai shi ga kwamitin rabon filaye na jiha, kuma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya ba mai dukiya haƙƙin a biya shi cikin hanzari da haƙƙin zuwa kotu. Dattawan yankin Talata Mafara ba su manta da abin da ya faru a Bakolori a 1980 ba, lokacin da rikicin diyyar gonakin da madatsar ruwa da aikin ban-ruwa suka ci ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoma, aka yi asarar rayuka. Wannan tarihi ya isa dalilin da zai sa a fara bin takarda tun ranar da aka kafa turken farko.

Harajin kasuwa da sana'a

Iyayenmu sun san haraji da jangali, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu mulki a 1979. Abin da yake damun ɗan kasuwa yau shi ne yawan masu karɓa da rashin sanin inda kuɗin suke zuwa. Dokar 1998 mai jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta ba ƙaramar hukuma kuɗin shaguna da rumfunan kasuwa da mayanka da tasha da amalanke da baro da allon talla, ta ba jiha rajistar wurin kasuwanci, ta kuma hana kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Kowace jiha tana da tata dokar kuɗin shiga mai ɗauke da farashi, kuma ƙaramar hukuma ba ta karɓar komai sai da doka a rubuce, saboda haka ƙungiyar 'yan kasuwa ta nemi kwafin jadawalin farashin, ta fassara shi da Hausa, ta manna a ofishin sarkin kasuwa.

Duk wanda ya zo karɓa, a tambaye shi katin shaida da takardar neman biya mai sunan hukuma da sunan harajin da shekarar da ake biya. A biya ta banki ko ta na'urar da hukumar ta amince da ita, a karɓi rasit mai lamba, kuma kada a tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan mutum. Wanda aka yanka wa harajin da ya ga ya wuce ƙarfinsa ya rubuta ƙin amincewa cikin kwana 30, domin idan wa'adin ya wuce ana ɗauka ya yarda, kuma ƙaramin littafin ciniki na kullum shi ne zai tsaya masa. Sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda aka tsara biyu daga cikinsu su fara aiki daga 1 ga Janairu 2026, sun cire haraji daga naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, sun kuma kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji. 'Yan kasuwa su ma su riƙe nasu ɓangaren, domin wanda yake ba da na goro don a rage masa ba zai iya tsayawa ya yi tambaya ba. Idan aka tara kwafin rasit na kasuwa guda na wata shida aka haɗa jimla, ana iya zuwa wurin ciyaman da ma'aji a tambayi ko adadin ya yi daidai da abin da ya shiga asusu, da kuma abin da aka yi wa kasuwar na magudanar ruwa da banɗaki da kwashe shara.

Idan aka yi shiru

A hau mataki-mataki, kowace sabuwar wasiƙa tana ɗauke da kwafin wadda ta gabace ta. Daga kansila da ciyaman sai kwamishina da ɗan majalisar jiha, wanda yake iya gabatar da koken a zauren majalisa a miƙa shi ga kwamitin da ke da ikon gayyatar jami'ai. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi. Inda ake zargin an karkatar da kuɗi ko an biya kwangilar da ba a yi ba, hukumar yaƙi da rashawa ta tarayya, ICPC, ce ko takwararta ta jiha, irin wadda Kano take da ita. Kasafin kuɗin jihohi da rahotannin aiwatar da shi na kowane wata uku suna kan intanet, kuma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana taimakawa wajen gano ayyukan da aka ware wa kowane yanki. A Bagega ta Ƙaramar Hukumar Anka a Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara, matsin lambar da matasan Follow The Money da wasu ƙungiyoyi suka yi ya taimaka har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin share gubar a farkon 2013.

Gidan rediyo yana da ƙarfi a ƙasar Hausa, amma a je masa bayan an riƙe takarda, a karanta kwanan wata da adadi da lambar wasiƙa, a guji kiran wani ɓarawo kafin kotu ta kira shi haka, domin ƙarar ɓata suna tana iya juya shari'ar ta koma kan masu koke. Idan maganar ta kai ga kotu, musamman ta fili, a ga lauya da wuri saboda wasu ƙararraki suna da wa'adi, kuma marasa hali su tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa su ji ko za a iya tsaya musu kyauta. Ainihin takardun su zauna a hannun mutum ɗaya amintacce, hotunansu kuma a wayoyin mutum biyu ko uku, sannan kowane wata a tara jama'a a karanta musu abin da aka aika, da wanda ya amsa, da wanda wa'adinsa ya wuce, a kuma tsayar da ranar kai wasiƙa ta gaba da wanda zai kai ta.